Baƙin Gashin Linus

Tun da asuba Akunna ta zaunar da mijinta Linus a kan kujera, ta ɗauko tsohon buroshin haƙori tana shafa masa baƙi a ka. Maganin rina gashi ya yi tsada, sai ta haɗa ɗan ragowar da ke kwalba da man goge takalmi.

Ta kira shi da sunan ɗansu kamar kullum: "Papa Chimdi, tsaya cak mana! Sai motsi kake kamar yaro a wurin aski."

Ina zai iya tsayawa? Shekara da shekaru yana ɗaukar kwalaye a kamfanin biskit da ke hanyar Bukuru, har aka wayi gari masu kamfanin suka ce ma'aikatan dindindin na cinye musu riba. Aka sallami kowa. Aka ce kullum a zo bakin ƙofa, ɗan kwangila zai zaɓi masu aikin ranar. Shi kuwa ɗan kwangilar nan, in ya ga furfura wucewa yake, wai tsoho ba shi da sauri, ga laulayi. Biskit ɗin ma sun rage masa girma sun ƙara masa kuɗi, manaja ya sake mota. Abin takaici! In yau ba a ɗauki Linus ba, tukunyar Akunna ba za ta hau wuta ba.

A bakin ƙofa ya tarar da Malam Lukuman, tsohon shugaban sashensu. A da shi ke ba da umarni, yanzu ga shi a layi kamar kowa, ya danna hular sanyi har kunne.

"Oga Linus, yau an koma saurayi ke nan? A nemo maka budurwa?"

Linus ya yi yaƙe. Idonsa na sama. Hadari ya haɗu ta wajen duwatsu baƙi ƙirin, ruwan Jos kuwa ba ya sallama. Ya roƙi Allah ya riƙe ruwan ko na ɗan lokaci ne.

Ɗan kwangila na fitowa aka fara yayyafi. Kafin ya kai tsakiyar layi ruwa ya ɓarke. Linus ya ji wani abu na gangarowa ta goshinsa, ya shafa, tafin hannunsa ya yi baƙi. Wayyo! Ya sake shafawa, abin ya ƙara dagulewa. Ga shi an kusa zuwa kansa.

Malam Lukuman ya dube shi, dariyar ta ɗauke. Ya sa hannun rigarsa ya goge masa fuska da sauri, ya cire hularsa ya kifa masa.

"Malam, kai fa?"

"Yi shiru. Miƙe ƙirjinka."

Ɗan kwangila ya iso riƙe da lema, ya nuna Linus da biro. "Kai, shiga." Ya kalli kan Malam Lukuman, fari fat kamar auduga, ya wuce.

Linus ya shiga. Ya san 'ya'yan Malam Lukuman ɗaya bayan ɗaya, ya san matarsa na kwance ba lafiya. Ya so ya koma, amma duk wanda ya fita nan take ake maye gurbinsa, kuma tsoro ya fi ƙarfinsa. Mai gadi ya turo ƙofa. Ta tsakanin ƙarafunan ya hango Malam tsaye cikin ruwa, kai ba hula, yana yi masa alama da hannu wai ya tafi aikinsa.

Linus ya sunkuya ya ɗauki kwalin farko, hular na ɗiga masa ruwa a wuya, yana tunanin gobe wa zai sa ta.