Sunan 'Yar Fari

Tun da Bubayaro ya ji cewa gwamnati ce ta ɗauki nauyin binciken ciwon sikilar da ake yi a asibiti, abin bai kwanta masa ba. Shekara ashirin yana dillancin shanu a kasuwar Potiskum, bai taɓa ganin kyautar da ba ta da wata manufa a ƙarƙashinta ba. Yanzu kuma wai ya tofa yawunsa a 'yar kwalba a tafi da shi Abuja? Shi da ko aski aka yi masa sai ya tattara gashin ya binne!

Sai dai ga Asta kwance a gadon asibiti, sikila ta tsotse ta, shekara sha uku amma sai ka rantse tara ce. Ita ce 'yarsa ta fari, kuma yayarsa Hajaratu ce ta riƙe ta tun daga yaye. Sista Ene, ma'aikaciyar binciken, 'yar Binuwai, ta yi masa bayani da Hausarta mai ɗan nauyi: za a duba abin da yarinyar ta gada a jini, a gane maganin da zai karɓe ta. Gurbi ɗaya ya rage, kuma yau ake rufe rajista.

"In an gama, yawun nawa wa zai riƙe shi?" ya tambaya.

"Akwai doka, Baba. Ba mai taɓa shi sai da izini."

Ya yi tsaki a ciki. Doka! Ta miƙo takarda, ya ce shi bai yi boko ba. Ta ce to ƙa'ida ita ce a naɗi muryarsa, ya faɗi sunansa da sunan 'yarsa, ya ce ya amince. Ta kunna waya.

"Ni Bubayaro, na yarda a duba yarinyar nan ta wajen Hajaratu."

"Sunanta, Baba."

"Ai kin rubuta."

"'Yarka ce?"

Ya kawar da kai. "Ta mutanen gida ce."

Ene ta kashe wayar, ta ƙare masa kallo. Ko a watan jiya wasu sun kawo mata maƙwabci a matsayin uba, aka soke rajistar. "Baba, in ba kai ka haife ta ba gara ka faɗa. Yawun zai nuna."

Ashe dai gaskiyarsa, kwalbar nan har sirrin gida take karantawa!

Hajaratu ta sa baki. "Sista, 'yar fari ce. A wajenmu uba ba ya kama sunanta, kunya ce."

"Na gane, Mama. Amma masu sauraron muryar nan a Abuja ba za su gane ba. Za su ce babu izinin uba."

Ya miƙe a fusace har ya kai bakin ƙofa. Bai yarda da su ba, ko kaɗan. Sai ya ji numfashin yarinyar yana fita da ƙyar, ƙafarsa ta ƙi gaba. Ya dawo ya zauna, kunya kamar ya nutse, ya ce a kunna.

"Ni Bubayaro, uban Asta ne. Asta 'yata ce. Na yarda."

Yarinyar ta buɗe ido, ta dubi Sista, ta dubi ƙofa, sannan ta kamo hannun Hajaratu.

"Goggo, wa ya kira ni?"