Ruwan Gidan Eino

"Rufe famfon ƙasan tukuna, Dolores. In kika buɗe na sama kafin nan, sai ki yi wanka a tsaye."

Muryar tsoho Eino Rautio ce ke fitowa daga wayar da Dolores ta jingina a kan tukunyar ɗumama gidansa. Shi yana kwance a asibiti, ita tana durƙushe a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, gwiwoyinta na ƙara saboda sanyin siminti. Shekara talatin da ɗaya suna maƙwabtaka a wannan layi na garin Duluth, ba ta taɓa taɓa tukunyar kowa ba. Eino ne mai duba tukwanen layin duka, duk shekara kafin ƙanƙara ta sauka.

Jiya likitoci suka ce sun yi iya yinsu. Eino ya ce to a mai da shi gida. Ma'aikaciyar jinya ta yarda, da sharaɗin gidan ya yi ɗumi kafin ƙarfe uku. Da safe Dolores ta shigo da niyyar danna maɓalli kawai, sai ta tarar da bututu duk a bushe. An tsiyaye ruwan kaf, yadda ake yi wa gidan da babu mai dawowa cikinsa. Aikin Darrell ne, ɗan Eino tilo, tun mako biyu da suka wuce.

"Na rufe," in ji ta.

"To buɗe famfon shigowa, kaɗan-kaɗan. Ba ƙofar mota ba ce, kada ki fizge."

"Malam, shekara ashirin ina jan motar 'yan makaranta, ban taɓa fizge komai ba."

Ruwa ya fara shiga da gurnani. Ta zuba wa allurar ma'auni ido har ta hau sha biyu, ta rufe. Eino ya yi tari mai tsawo, sannan ya ce ta ɗauki ɗan mabuɗin da ke rataye a ƙusa, ta bi ƙarafan ɗumi na ɗakuna, waɗanda ruwan zafi ke bi ta cikinsu, ɗaya bayan ɗaya, daga ƙasa zuwa sama, ta saki iskar da ke ciki har sai ruwa ya fito. Ta jefa wayar a kunne cikin aljihun rigar sanyinta ta hau.

A falo ne ranta ya ƙarasa ɓaci. An lilliƙa wa kaya ƙananan takardu. Agogon bango an rubuta masa sunan matar Darrell, keken ɗinkin marigayiya Aili, matar Eino, an rubuta "a kyautar". Kujerar da Eino ke zama bakin taga kuwa, "bola" aka sa mata. Dolores ta ɓare wannan takardar ta murtsuke.

Tana ɗakin kwana na sama, iska na huci daga ƙarfen, ta ji takun mutum a matakala. Darrell ne, da kwalaye a hammata.

"Inna Dolores, wa ya ce ki taɓa ruwan nan?"

"Mai gidan."

"Haba, Inna. Mutum na ɗauko takanas ya tsiyaye shi. In bututu ya daskare ya fashe a watan Janairu, ke za ki zo ki gyara?"

"Ubanka zai dawo yau."

"Na ce musu ban yarda ba. A asibiti yana da masu kula. Kuma mu daina ɓoye-ɓoye, mutumin nan ba zai kai mako ba. A cika gida da ruwa saboda kwana nawa?"

Dolores ta miƙe. Ita ta riƙa ɗaura wa wannan mutum igiyar takalmi yana ɗan shekara biyar. Ta buɗe baki, aljihunta ya riga ta magana.

"Darrell, ina jinka."

Kwalayen suka zame ƙasa.

"Baba, ba haka nake nufi..."

"Lissafinka daidai ne, ba zan kai mako ba. Ɗauki kofi ka tara mata, ruwan ya kusa. Wannan na ɗakin uwarka yana tofi, kada ya ɓata katako."

Darrell ya tsaya kamar an dasa shi. Dolores ta miƙa masa kofin ba ta dube shi ba. Ya durƙusa ya tara. Iskar ta yi shiru, baƙin ruwa mai warin tsatsa ya feso, rabi a kofi, rabi a hannun farar rigarsa.

Ta sauka ta ƙara ruwa, allura ta koma sha biyu, ta zagaya ko'ina da tocila ko akwai yoyo. Sai da Eino ya ce "yanzu", sannan ta kunna wuta.

Ƙarfe uku da kwata aka shigo da shi a kan gadon ɗauka. Ya sa aka tsaya a falo, ya ɗora tafinsa kan ƙarfen ɗumin, ya ce akwai sauran iska a wannan, aikin 'yan koyo ne. Dolores ta ce in bai gamsu ba ya tashi ya yi da kansa. Ya yi dariya har ya shaƙe.

Kwana huɗu ya yi. Ranar Talata da hantsi ya sha cokali biyu na miyar kifi, ya ce a juya shi wajen taga, shi ke nan.

Kafin masu ɗaukar gawa su iso, Dolores ta jiyo Darrell a baranda yana gaya wa maƙwabta cewa shi ya dage a dawo da Baba gida, don ya cika a ɗakinsa. Ta kama hannun ƙofa za ta fita ta ƙaryata shi, ta daɗe riƙe da shi, sannan ta saki.

Ta koma ɗakin. Safar ulu da ta wanke wa Eino da safe tana shanye a kan ƙarfen ɗumi, ta bushe. Ta ɗauko, ta ɗaga bargon daga ƙasa, ta sa masa a ƙafa ɗaya bayan ɗaya.