Ladde, Ɗan Inna Halima

Mujitaba na tsaka da ɗaure buhunan masara a bayan motarsa a tashar Kwanar Dangora sai wayarsa ta yi ƙara. Mahaifiyarsa ce, Inna Halima.

"Ladde, taho maza. Bushra ta fara naƙuda."

Ya saki igiyar, buhu ya faɗo ƙasa. "Ghali!" ya ƙwala wa abokinsa direba kira. "Kwashi fasinjojina, matata za ta haihu!"

"Allah ya raba lafiya, Ladde!" in ji Ghali, sauran direbobi suka amsa da amin.

Ladde da Fillanci shi ne dawa, filin ciyawa inda shanu ke kiwo. Can aka haife shi, iyayensa na kan hanyar ƙaura da garke, sunan kuwa ya bi shi har ya danne na yanka. A firamare yara sun sha tsokanarsa da ɗan daji. Shi ya sa tun cikin Bushra na ƙarami ya gaya wa kowa cewa nasa ɗan a asibiti za a haife shi, a kan gado, nas na tsaye.

Ya isa rugarsu da ke gefen Falgore rana ta ɗaga sosai. Ya kwantar da Bushra a kujerar baya, Inna ta shiga da tabarma da buta.

"Inna, tabarma ta mece ce? Asibitin Tudun Wada fa za mu."

"Ja mota kawai," ta ce.

An kwana ana ruwa. Ba su kai titi ba tayoyin baya suka nutse a taɓo. Ya taka totur, motar ta yi gurnani, ta ƙara zurmawa. Ko'ina ciyawa ce kore shar, ta kai ƙugu, ba gida ko ɗaya.

"Wayyo Inna, ba zan kai ba!" Bushra ta riƙe hannun surukarta.

Inna ta fito ta tattake ciyawa a gindin wata kanya, ta shimfiɗa tabarma. "Kamo min ita. Yawwa. To, ba mu wuri."

"Inna, a nan?"

"A nan."

Ya hango makiyaya nesa da shanunsu, ya ruga yana ɗaga hula. Suka biyo shi da gudu, aka karyo rassa ana cusawa ƙarƙashin taya. Mujitaba ya sa kafaɗa yana turi, taɓo har fuska, bakinsa na ta salati. Motar ta fara motsi ke nan sai wani siririn kuka ya taso daga cikin ciyawa. Kowa ya tsaya cak.

Inna ta rangaɗa guɗa. "Mace ce! Uwa da 'ya lafiya!"

"Barka! Barka!" Makiyayan suka rungume shi, wani dattijo a cikinsu yana bubbuga bayansa. Mujitaba ya ma rasa abin yi, dariya yake hawaye na zuba. Ya wanke hannu da ruwan buta, Inna ta miƙo masa jaririyar naɗe cikin zane. Ta riga ta yanke cibi da sabuwar reza da ta ƙullo a bakin mayafinta. Ya yi wa 'yar kiran salla a kunne.

Da aka fitar da motar ya ce har yanzu sai sun je asibiti a duba su. Inna ba ta musa ba. Suna tafe a hankali, Bushra na gyangyaɗi, tsohuwar ta tsura wa ciyawar ido.

"Ita ta yi sa'a, ta samu jama'a," ta ce. "Ranar da na haife ka ni kaɗai ce. Babanka ya tafi neman mata su kama min, bai dawo ba sai la'asar. Ciyawar nan ce ta rufa mana asiri, ni da kai."

Mujitaba ya dube ta ta madubi. Bai taɓa tambayar ta ba.

"A ina ne, Inna?"

Ta nuna wani dutse da ke can yamma, wanda yake wucewa kullum da fasinja. "Bayan wancan."

Ya rage gudu har ya kusa tsayawa, ya daɗe yana kallon wurin.

"In an yi suna," ya ce, "ki raka ni in gani."