Zanen Gwaggo

"Ke 'yar nan, ba haka ake ba ta ba!" in ji Gwaggo daga kan tabarma, tari na sarƙe ta. "Durƙusa mata. Ba ta ci a hannun na tsaye."

Mai Wankau ta durƙusa da kwanon dusa tana gunaguni. Oh ni, yini guda tana dirzar kayan mutane, ga ta kuma tana durƙusa wa akuya!

Katanga ɗaya ta raba ɗakunansu, kuma su biyun babu mai leƙo su. Akuyar, wata ƙungiya mai tallafa wa mata marasa galihu ce ta ba Gwaggo, da sharaɗi guda: 'yar fari idan ta zo, a miƙa wa mace ta gaba. Mace ta gaba kuwa Mai Wankau ce.

"Shekara saba'in ina miƙa hannu ina karɓa," in ji tsohuwar. "Allah Ya bar ni in danƙa miki igiyar nan, ni ma a ce mini an gode ko sau ɗaya."

"Za ki gani mana. Ke da kika fi akuyar taurin kai."

Ba ta gani ba. Ranar Talata da hantsi Mai Wankau ta kawo mata ruwan ɗumi, ta tarar rai ya yi halinsa. Mutum shida suka raka ta. Kafin la'asar gidan ya yi tsit.

Akuya kuwa, ga ciki har ƙasa, ta ƙi ci. Mai Wankau ta durƙusa, ta lallasa, ta yi faɗa, har ta yi kuka. Malamar ƙungiya ta zo ta duba, ta girgiza kai. "Baiwar Allah, in ba ta ci gobe ba, mun rasa ta har da abin cikin."

Washegari Mai Wankau ta shiga ɗakin Gwaggo don kewa ta ishe ta. Ta ciro tsohon zanenta daga ƙusa za ta wanke, don hannunta bai san wata ta'aziyya ba sai wanki. Tana shirin tsoma shi a ruwa, akuya ta miƙe da ƙyar, ta ja igiya, ta cusa hanci cikin zanen.

Mai Wankau ta ajiye sabulu. Ta ɗaura zanen a kan nata, ta ɗauko kwano, ta durƙusa.

"Na gode, Gwaggo," ta ce a hankali.

Babu kowa a tsakar gidan, sai ƙarar harshen akuya a gindin kwano.