Wace ma'ajiya ce ta ƙi

Bayan cin abincin rana ofis ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Auta ta zuba wa kwamfutarta ido, barci na fizgarta, haruffan suna ta iyo a gabanta.

Manhajar kamfaninsu a wata babbar ma'ajiya ta kwamfuta take, a cikinta kuma akwai ƙanana, kowace da tarihin gyare-gyarenta. In aka ba babbar umarnin sabuntawa, sai ya bi ƙananan ɗaya bayan ɗaya. Yau wata ta ƙi, ta fito da saƙo wai an taɓa fayil ɗin saiti. Ba ta faɗi inda take ba, ga shi kowaccensu na da fayil mai wannan suna.

Auta ta ɗauki waya ta kira Baba Mai Tabarau, wanda ya rubuta umarnin kafin ya yi ritaya.

"Baba, ina wuni? Auta ce."

"Autata! Sun bar ki da jagwalgwalona ko?"

Ta ji ruwa na zuba a bayan muryarsa. Ya ce ban ruwa yake yi a lambu. Ta lumshe ido tana yi masa bayani, sai ta ga kamar tana can: jiƙaƙƙiyar ƙasa, inuwa, tsohon ya naɗe wando har gwiwa, tabarau na zamewa a hanci.

"Ai ƙaramar ba ta san a cikin wata take ba," in ji shi. "Da an shige ta, gani take ita ce duniya. Ki sa babbar ta miƙa mata hanyar da aka biyo, ta liƙa a gaban duk sunan da za ta ambata. In akwai wata a cikinta, ita ma ta ƙara nata ta miƙa gaba."

"Baba, me ya hana ka yi tun farko?"

Ya yi dariya. "Lokacin ƙaramar guda ce tal, 'yar nan. Wa zai ɓata?"

Ba ta kashe wayar ba. Ta ajiye ta kan tebur tana rubutu, ruwan na ta zuba, shi kuma yana yi wa wata akuya faɗa. Da ta sake ba da umarnin, saƙon ya fito da cikakkiyar hanya: ma'ajiyar taswirori ce.

Ta waiga. Dogo, mai kula da taswirorin, ya kifa kai kan tebur yana sharar barci. Ta miƙa hannu za ta tashe shi, sai ta fasa.