Gurbin Sifika

Yana tsaye da alli a hannu a tsakiyar falon da ko filasta bai gama bushewa ba. Ya tafa sau ɗaya, ya karkata kai kamar likita mai sauraron ƙirjin majinyaci.

"Kun ji yadda ta dawo? Falon nan yana da murya."

Abokinsa Dogo ya gyaɗa kai. "Injiniya, kunnenka daban ne. Ni sai da ka faɗa na ji."

Matarsa, Maman Lele, tana bakin ƙofa, goye da jariri, riƙe da hannun Lele. Wai Injiniya! Mutumin da ko ƙwan fitila ya mutu sai ita ta taka kujera ta canza. Abokai ne suka laƙa masa sunan tun da ya fara tara kayan sauti, shi kuwa ya rungume shi hannu bibbiyu.

Ta zo sabon gidan ne ta auna tagogi saboda labule, sai ta tarar an zana akwatuna biyu a bangon falo, kowanne ya fi Lele tsayi.

"Baban Lele, wannan zanen fa?"

"Gurbin sifikoki. Fasa bangon za a yi a nutsa su ciki. Irin waɗannan ba a jibge su a ƙasa kamar buhun siminti."

"Bangon bulo ɗaya ne. Bayansu ta ina zai fito?"

Magini ya sosa ƙeya. "Zai ɗan leƙa ɗakin baya, Madam. Sai mu rufe da katako mu shafa fenti, ba mai ganewa."

Ɗakin baya shi ne ɗakin yara. Ta shiga ta duba. Ƙofa ta cinye bango ɗaya, taga ta cinye ɗaya, durowar kaya ta ɗauki na uku. Gado ba shi da wurin zama sai jikin bangon nan, kan 'yarta daidai bayan sifika.

* * *

Lele ta shekara uku, kalmarta ba ta wuce "Mama" ba. A gidan haya ciki da falo aka haife ta, ta yi rarrafe tsakanin wayoyi, ta yi barci kofuna na rawa a kan tebur saboda rugugin kiɗa. Watan jiya likitar kunne ta ce jin yarinyar ya yi rauni ƙwarai, ɗan abin da ya rage kuwa a tsare shi daga ƙara kamar ƙwai a cokali. Ta ce a dawo da ita gwaji na biyu, tare da mahaifinta.

A mota, kan hanyarsu ta komawa, ta sake tuna masa.

"Likitoci ke nan, ba sa rasa abin faɗa," ya ce. "Shiru-shiru ce, ni ta gado. Ni ma sai da na shekara huɗu na fara magana."

Tun daga ranar kuma ba ka rufe bakin ba, ta faɗa a ranta.

"To a mayar da su ɗaya bangon mana. Bayansa tsakar gida ce, ba wanda za su dama."

Ya dube ta da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda bai je makaranta ba. Ya yi mata dogon bayani a kan yadda sauti ke tafiya, da yadda labule ke shanye shi, da kujerar da za a dasa a tsakiya inda muryoyin biyu ke haɗuwa. Har soket shida ya sa mai wayarin ya jera a gurin, alhali kicin ɗinta guda ɗaya aka yi wa, shi ma a bayan ƙofa. Sai da suka tsaya a danja gaskiyar ta suɓuce masa.

"Kuma waccan kusurwar wa zai gan su? Nan kuwa duk wanda ya buɗe ƙofa, su zai fara cin karo da su."

Ta juya ta kalli titi. Ashe ba don kunne ake fasa bangon ba, don ido ne.

Ta kai kuka wurin yayarsa. Yaya ta saurare ta tana yanke farce.

"Ke dai ba ki da godiya. Mazan wasu suna can suna yawon banza, naki yana gida yana jin kiɗansa. Ya gina miki gida, ki ce za ki zaɓa masa bango?"

"Yaya, kunnen Lele fa."

"Za ta yi magana har ki gaji. Kar ki ja wa yarinya bakin uwa."

* * *

Aka fasa bangon. Suka tare. Maman Lele ta kwashe kayan sito na bayan kicin, ta wanke shi tas, ta shimfiɗa katifar yara a ciki, ta toshe ƙasan ƙofar da tsohon bargo. Ɗakin yara mai faffaɗar taga ya zama ma'ajiyar kwalayen da sifikokin suka zo a ciki, don Injiniya ya ce ba a zubar da su.

Ranar gwajin kayan sautin falo ya cika da abokai tun hantsi. Tana kicin tana jin tukwane na kaɗawa a kan kanta. Ta shiga sito ta kwantar da jariri, ta waiga ba Lele.

A falo ta same ta, tsaye gaban sifikar hagu, ta manna tafin hannunta a jikin ragar da ta rufe fuskar sifikar. Duk bugun da ganga ta yi sai ya ratsa hannun har kafaɗa, yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya.

"Ku duba!" Uban ya ɗaga murya sama da kiɗan. "Wa ya ce ba ta ji? Ga shi nan tana ji! Ina likitar take?"

"'Yar Injiniya ce, ai gado ba karambani ba," in ji Dogo. Aka bushe da dariya.

Maman Lele ta ratsa tsakanin ƙafafunsu, ta kama wayar da ta fi kauri, ta fizge ta daga bango. Falon ya yi tsit.

Ta tsaya a bayan 'yarta, taku ɗaya tsakaninsu.

"Lele."

Yarinyar tana shafa ragar.

"Lele!"

Jariri ya tsala kuka daga can sito. Wani cikin baƙin ya ajiye kofinsa a hankali. Lele ba ta waigo ba. Bubbuga sifikar take yi da ɗan tafinta, tana jiran abin ya dawo.

Dogo ya sunkuyar da kai. Baban Lele ya tashi daga kujerarsa ta tsakiya, fuskarsa ta sauya, ya taho da sauri. Matarsa ta ɗan ja gefe ta ba shi hanya.

Ya durƙusa kusa da 'yarsa, ya kawar da hannunta daga jikin ragar.

"Kin san cire waya haka yana ƙona inji?" ya ce, ko ɗagowa bai yi ba.

Ya mayar da wayar, ya kara kunnensa a jikin sifikar, ya lumshe ido yana saurare.