Fili Mai Lamba Tara

Makarantu biyu ne suka ce za su ɗauke ni karatun noman amfanin gona. Ɗaya tafiyar yini ce a mota. Ɗayar kuwa daga ƙofar gidanmu ina hango tankin ruwanta, kuma kowa ya san ta fi, don gonar gwajinta kaɗai sai ka gaji da tafiya ba ka kai ƙarshenta ba. Ni dai na kafe a kan ta nesa.

Na tara dalilai kamar mai shirin shiga kotu. Na ce ɗakin karatunsu ya fi girma, na ce suna da na'urar auna ƙasa, har da cewa iskar can ta fi dacewa da ƙirjina, ni da ko mura ba ta cika kama ni ba. Yayata ta ce, "Auta, wannan ƙirjin naki yaushe ya fara zaɓen makaranta?"

Baba yana wanke ƙafa a bakin rariya. Sai da ya gama ya ce, "Inda hankalinki ya kwanta, nan ne alheri."

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, Baba lebura ne a gonar makarantar kusa. Shekara ashirin da biyu yana jan tiyo, yana tura baron taki, ɗalibai sa'o'ina suna ƙwala masa kira, "Mai ruwa, nan ya bushe." Na kasa jure tunanin ina tsaye a cikinsu da littafi a hannu, shi kuma ya taho da sauri yana amsawa. Kunyarsa nake ji. Da kuɗin tiyon nan na yi karatu, amma kunyarsa nake ji.

Makarantar nesa ta nemi shaidar cewa na taɓa aikin gona. Tun ina ƙarama nake taya Baba dashe lokacin hutu, don haka na kai wa manajan gonar da Baba ke aiki takarda ya sa mini hannu. Ofishinsa cike yake da buhunan iri, ga taswirar filaye a bango, kowanne da lambarsa.

Ya karanta takardar, ya ɗago. "Can za ki? To fili mai lamba tara fa?"

Na ce ban gane ba.

Ya ce ai duk sabon ɗalibi ana ba shi fili ɗaya, shi zai noma har ya gama, a kansa ake ba shi maki. "Shekara uku babanki yana hana ni ba da lamba tara. Wake yake shukawa, ya juye ganyen cikin ƙasa, ya bi da taki. Ya ce 'yarsa na tafe."

Na sunkuyar da kai.

"Sai watan jiya ya zo wai idan sababbin ɗalibai sun shigo in mayar da shi sashen kaji, can ƙarshen gona. Wai gwiwa ke damunsa. Mai ciwon gwiwa ne zai nemi ɗaukar buhun abincin kaji?" Ya dube ni ta saman tabarau. "Ɗaliban shuka dai ba sa leƙa can."

Watan jiya ne na fara zancen ƙirji. Ashe tun ranar Baba ya karance ni tsaf, shi da bai iya karanta sunansa ba. Manaja ya sa hannu, ya buga hatimi, na karɓa na fita.

Ban nufi gida ba. Na bi layin filaye ina duba allunan har na kai tara. Ƙasar baƙa ce wuluk, mai laushi, ta bambanta da na gefenta kamar ba gona ɗaya ba. Baba na tsugune a ciki yana tsince ciyawa, a filin da ya san na riga na ƙi.

Kafin in yi magana wasu ɗalibai biyu suka iso. Ɗaya ta ce, "Mai ruwa, idan ka gama ka leƙa nawa." Ta dube ni. "Wannan fa? 'Yarka ce?"

Baba bai ko yi jim ba. "A'a, 'yar maƙwabcinmu ce. Ta zo ganin makaranta."

Maganar ta fito masa sumul, da ji ka san ya daɗe yana bitarta a ransa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Suka juya, suka fara tafiya. Sun kusa kai lamba bakwai sannan na iya cewa, "Ku dakata."

Suka waiwayo.

"Ba maƙwabcinmu ba ne. Babana ne."

Ɗalibar ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Ai ga kama nan." Suka ci gaba da hirarsu. Shi ke nan fa. Abin da na yi niyyar gudun yini guda a mota saboda shi, ko tsayawa bai sa su yi ba.

Baba bai ɗago ba. Ya ci gaba da tsintar ciyawar da babu ita. Can ya ce, "Manaja ya sa hannun?"

"Ya sa."

"To ɗaga ta, kada ta jiƙe."

Na ninke takardar, na ajiye ta a cikin baron taki, na cire takalmi na shiga filin. Ya daɗe yana kallon ƙafafuna a cikin ƙasar. Sannan ya miƙo mini bakin tiyo ya ce, "Daga can gefen za ki fara, Auta. Nan ya riga ya sha."